Tsargiyar Fadamar Baturiya da Mas'alar Ƙarin Mafitsara

Duk wanda ya san fadamar Baturiya a ƙasar Kiri Kasamma, inda ruwan kogin Haɗejiya ke malala ya kwanta cikin kacalla, ya san cewa tsargiya, wadda katantanwar ruwa ke rainon tsutsarta, ta daɗe tare da masunta da manoman shinkafa, har wasu sun daina lissafa fitsarin jini cikin cututtuka. Alhali kuwa tun 1911 likita Ferguson ya lura a Alƙahira cewa tana da alaƙa da sankarar mafitsara, kuma a 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta tabbatar da haka.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, ƙwayoyin garkuwar jiki, waɗanda kan yi dafifi a kan ƙwan tsutsar da ya maƙale a bangon mafitsara shekara da shekaru, idan ƙari ya tsiro sau da yawa sukan tsaya a gefensa, domin yakan kewaye kansa da tauraren nama kamar ganuwa, ya kuma fitar da sinadaran da ke raunana su. Amma akwai hujjar cewa ana iya zuga su, gama a 1976 likita Morales ya nuna a Kanada cewa BCG, rigakafin tarin fukan nan da ke barin tabo a hannun jarirai, in an ɗura shi cikin mafitsara yakan tayar da su a kan ƙarin da bai yi zurfi ba.

To, ina za a kalli wannan gwagwarmaya ido da ido? Ɓeran gwaji dai bai wadatar ba, saboda tsutsar ba ta zama a mafitsararsa, sai da masu bincike a jami'ar Stanford suka koma yi masa allurar ƙwan a bangonta a 2012. A 2018 kuma, a jami'ar nan dai, aka raini ɗan yankin ƙarin majiyyaci cikin faranti tare da ƙwayoyin garkuwarsa, ta yadda za a zuba magani a ga ko sun farfaɗo sun far masa.

Damuwata a nan take. Nau'in sankarar da tsargiya ke jawowa galibi ya sha bamban da wanda ya fi yawa a Turai da Amurka, don haka sakamakon farantinsu ba lalle ne ya hau kan namu ba. Wajibi ne asibitocin koyarwa na Kano da Zariya su sami kayan rainon naman da ake cirewa daga majiyyatanmu, bisa yardarsu, tun bai lalace a hanya ba.