Yadda ake kare amfilifayar haɗin gida daga ƙonewa

Amfilifayar da aka shafe makonni ana haɗawa da hannu na iya ƙonewa cikin ƙiftawar ido, muddin ba a tanadi abin da zai taƙaita wutar da ke kwarara cikinta ba.

Sashen da ke ciyar da ita da wuta ya ƙunshi taransifoma mai rage ƙarfin wutar gida, da dayod masu daidaita ta, da kuma manyan kafasita masu tara ta. Wannan sashe ba ya rowa: duk abin da aka nema zai bayar, ko da hakan zai halaka na'urar.

Inda haɗarin yake

A shekarar 1827 ne masanin kimiyyar nan na Jamus, Georg Ohm, ya wallafa ƙa'idar da ke cewa kwararar wuta na ƙaruwa gwargwadon raguwar turjiyar da ta tarar.

Alal misali, amfilifaya mai bolt 35 da ke kaɗa lasifika mai turjiyar om 8 za ta ja abin da bai kai ampiya 4 da rabi ba.

Amma idan wayoyin lasifikar biyu suka taɓa juna, turjiyar kan faɗo kusan sifili, wutar da kafasita suka tara ta afka wa taransisto a lokaci guda.

Fiyus kaɗai ba ya wadatarwa a nan, domin sai ya yi zafi kafin ya narke, yayin da taransisto kan riga shi mutuwa. Babban aikinsa shi ne hana tashin gobara.

Hanyoyin kariya

Hanyar da aka fi sani ita ce sanya ƙaramin rizisto a kan hanyar wutar, tare da wani taransisto mai gadi, wanda ke fara aiki da zarar bolt kimanin 0.6 ya bayyana a kan riziston. Idan riziston mai om 0.1 ne, ke nan wutar ba za ta wuce ampiya 6 ba.

Akwai kuma na'urar LM317, wadda kamfanin National Semiconductor na Amurka ya fitar a 1976, mai ɗauke da irin wannan kariya a cikinta. Sai dai an yi ta ne don ampiya ɗaya da rabi, saboda haka ta fi dacewa da ƙananan sassa.

Lokacin kunnawa ma na da nasa haɗarin, kasancewar taransifoma da kafasitan da babu wuta cikinsu kan zuƙi wuta mai yawa a tashin farko. Akan magance wannan da rizisto na musamman, wanda turjiyarsa ke raguwa yayin da ya ɗumama.

A gwajin farko kuwa, masu gyara kan jera kwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a kan wayar da ke shiga na'urar. Idan ya haska ya dushe, to lafiya lau. Idan kuma ya ci gaba da haske sosai, akwai kuskure a haɗin.

Tsaka mai wuya

Wahalar ita ce zaɓen iyakar da ta dace. Idan aka jona lasifika biyu masu om 8 a kafaɗa da kafaɗa, turjiyar kan koma om 4, bukatar wuta kuma ta kusan kai ampiya 9.

A irin wannan hali, iyakar ampiya 6 za ta riƙa datse sauti, murya ta fito a shaƙe duk lokacin da aka ƙure ƙara. Idan kuma aka ɗaga iyakar fiye da abin da taransisto za su iya jurewa, kariyar ta zama ta jeka-na-yi-ka.

Don haka wajibi ne mai haɗawa ya san lasifikar da zai yi amfani da ita, ya kuma duba takardar bayanin taransiston kafin ya yanke shawara.

Haka nan kafasita kan riƙe wuta bayan an kashe na'urar, don haka sai an sauke ta da rizisto kafin a kai hannu ciki.