I'ina ga yara: abin da ya kamata ku sani

Mece ce i'ina?

I'ina ita ce maganar mutum ta riƙa sarƙewa alhali ya san abin da yake son faɗa. Wani yana maimaita farkon kalma, wani yana jan harafi ɗaya, wani kuma bakin ne ke buɗewa amma sauti ya ƙi fitowa. Galibi tana farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5, lokacin da yaro ke koyon haɗa jimla.

Wa take kamawa?

Kusan yara 5 cikin 100 suna yin i'ina a wani lokaci na ƙuruciyarsu. Mafi yawansu, wajen kashi uku cikin huɗu, takan sake su da kanta. Cikin manya kuwa kusan mutum 1 ne cikin 100, kuma maza sun fi mata yawa sosai.

Me ke kawo ta?

Wataƙila kun taɓa jin an ce linzamin harshe ne, ko tsoro, ko kwaikwayon mai i'ina. Bincike bai nuna haka ba. Abin da aka gano shi ne akwai gado a ciki, kuma matsalar tana ga yadda ƙwaƙwalwa ke tsara motsin baki da numfashi yayin magana. A shekarar 2010 masu bincike a Amurka, ƙarƙashin Dennis Drayna, suka gano canji a wasu ƙwayoyin halitta na gado cikin dangogin Pakistan da i'ina ta yawaita a cikinsu. Daga baya suka yi irin wannan nazari a kan wani babban dangi a Kamaru. Saboda haka yanke wani abu a bakin yaro ba zai warware ta ba, sai dai a ja masa ciwo. Kuma ba alamar ƙarancin basira ba ce.

Ana maganinta?

Ba ƙwaya ko allura ake bayarwa ba, horon magana ake yi. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi gwadawa ga ƙananan yara ita ce shirin Lidcombe, wanda aka ƙirƙira a birnin Sidni na Ostireliya. Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne iyaye ne ke yin aikin. Kowace rana uwa ko uba ya zauna da yaron na 'yan mintoci ana hira ko kallon hotuna. In ya yi magana ba sarƙewa a yaba masa. In ta sarƙe, jifa-jifa kawai ake nuna masa, cikin taushin murya, yabon ya fi gyaran yawa nesa ba kusa ba. Sau ɗaya a mako ake zuwa wurin ƙwararren mai gyaran magana ya duba ci gaba.

A 2005 aka wallafa gwajin shirin Lidcombe da aka yi da yara 54 a ƙasar Niyu Zilan. Bayan wata tara, i'inar waɗanda aka yi wa horon ba ta kai rabin ta waɗanda ba a yi wa ba. Wani gwaji a Holan a 2015, da yara 199, ya kwatanta Lidcombe da wata hanya da ke rage wa yaro matsi, wato iyaye su sassauta saurin maganarsu su rage jero masa tambayoyi. Bayan wata 18 sakamakon ya zo kusan ɗaya.

Ga babba, horon magana yakan sauƙaƙa i'inar ya kuma rage fargabar magana, amma da wuya ta tafi gaba ɗaya. Shi ya sa farawa da wuri ke da muhimmanci.

Nawa ne kuɗinsa?

Babu na'urar da za ku saya. Abin da zai ci muku shi ne lokaci, da kuɗin ganin ƙwararre, da na mota, domin masu wannan sana'a ba su da yawa a ƙasashenmu. Ku fara tambaya a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti. An kuma gwada yin shirin Lidcombe ta kiran bidiyo, ya yi aiki.

Idan i'inar ta wuce wata shida, ko akwai mai ita a dangi, ko yaron ya fara gudun magana, kada ku jira. Kafin ku samu ƙwararre, ku bar shi ya ƙarasa maganarsa da kansa, kada ku yi masa tsawa, kuma ku hana yayyensa yi masa dariya.