Ƙwayar Zarra a Allon Kwamfuta

Mu malaman kemistiri mun san darasin da ke wahalar da ɗalibai a ajin SS1: ginin ƙwayar zarra. Mukan zana da'ira da alli, mu ɗiga ɗigo a tsakiya. Ɗalibi ya haddace, ranar jarrabawar WAEC aka juya tambayar, sai ya tsaya cak.

Ba laifinsa ba ne. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan duk nauyin zarra yana cikin wata 'yar cibiya. Da zarra za ta kai girman filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero ba. Wane alli zai zana wannan?

A 2002 Carl Wieman ya kafa shirin PhET a Jami'ar Kolorado ta Amurka, kyauta ne. A wasansa mai suna Build an Atom, ɗalibi ne ke ginawa da hannunsa. Ya jawo furoton shida, suna ya fito: kabon. Ya ƙara ɗaya, ya koma naitorojin. Ya cire elektiron, zarrar ta ɗauki caji. Ana iya sauke shi, don haka ɗalibanmu na Unguwar Gano da Tarauni ba sa buƙatar intanet kullum. Wuta dai sai haƙuri.

Amma mu lura. Da'irorin nan tsarin Niels Bohr ne na 1913, sauƙaƙawa ce kawai. Elektiron ba ya bin layi kamar keke. Kafin a tashi, mu latsa maɓallin gajimare, su ga bambancin.