Dodon da ya iya komai: Me ya sa ake korar wasu Pokémon daga gasa, a ƙyale wasu?

A watan Janairun 2015, ƙwararrun 'yan wasan Pokémon suka kaɗa ƙuri'a kan wani kwaɗo mai launin shuɗi da ake kira Greninja, suka kore shi daga rukunin gasar da aka fi bugawa a intanet. Akwai dodannin da suka fi shi ƙarfi, akwai waɗanda suka fi shi jure duka, kuma an bar su. Abin da ya ja masa shi ne ya iya abubuwa da yawa, har abokin karawa ba ya iya sanin da wanne zai zo.

Wani dodon kuma, Landorus a siffarsa ta Therian, ya yi shekaru yana kan gaba a jerin waɗanda aka fi amfani da su a wannan rukuni. Shi ma ayyukansa suna da yawa, 'yan wasa sun sha ƙorafin sun gaji da ganinsa, amma ba a taɓa korar sa ba. Bambancin da ke tsakanin waɗannan biyun shi ne tushen muhawarar da ake yi har yau.

Yadda wasan yake

Kamfanin Game Freak na ƙasar Japan ya fitar da wasan Pokémon na farko a 1996. Yanzu dodannin cikinsa sun haura 1,000, an kasa su zuwa nau'i 18, irin su wuta da ruwa da ciyawa da ƙanƙara. Kusan kowane nau'i yana da wanda yake rinjaya da wanda ke rinjayarsa: ruwa na kashe wuta, wuta na cin ciyawa, ciyawa na shanye ruwa.

Ɗan wasa yana haɗa tawagar dodanni 6, kuma kowane dodo salon hari 4 kacal yake iya riƙewa. Wannan iyaka ce ta mayar da wasan na lissafi. Kafin a fara karawa, mutum zai zauna ya auna dodannin da zai iya haɗuwa da su, ya tanadi makarin kowanne a cikin guraben nan 6. Wanda ya iya karanta abokin karawarsa shi ke cin wasa.

Hukumomi biyu ne ke tsara doka. Akwai gasar kamfani, wadda ake kira VGC, inda ake karawa biyu da biyu. Akwai kuma Smogon, ƙungiyar 'yan wasa da aka kafa a 2004, wadda dokokinta suka fi tasiri a karawar ɗaya da ɗaya. Smogon tana jera dodanni rukuni-rukuni gwargwadon yawan amfani da su. Babban rukunin shi ne OU, kuma duk dodon da ya gagara a can sai a tura shi Ubers, zauren manyan da suka fi ƙarfin gasar yau da kullum.

Ba a yin korar da ka. Akan buɗe lokacin gwaji, sai 'yan wasan da suka kai wani matakin maki su samu damar ƙuri'a, kuma galibi sai kashi 60 cikin 100 sun amince kafin kora ta tabbata.

Laifin Greninja

Greninja ya fito a wasan X da Y na 2013. Yana da gudu, sannan yana da wata baiwa mai suna Protean, wadda ke sauya masa nau'i zuwa na duk harin da zai kai. A dokar wasan, dodon da ya kai hari irin nau'insa yana samun ƙarin ƙarfi na kashi 50 cikin 100. Ke nan duk harin da Greninja ya kai yana ɗauke da wannan ƙari.

Da farko yana da makari. Dodannin nau'in Fairy, irin su Clefable da Azumarill, suna iya tsayawa gabansa. Amma da wasan Omega Ruby da Alpha Sapphire ya fito a ƙarshen 2014, sai aka koya masa wani harin guba mai suna Gunk Shot, wanda ke kayar da su.

Gaskiya ne ba zai iya ɗaukar duk makamansa lokaci guda ba, tun da gurabe 4 ne. Matsalar ita ce mai shi ya san abin da ya ɗauko, abokin karawa kuwa bai sani ba. Sai ya tura dodon da yake zaton makari ne, ya tarar an tanadar masa nasa harin. Kafin ya gane zubin da ke gabansa ya rasa dodo ɗaya ko biyu cikin 6, kuma da wuya a farfaɗo daga irin wannan asara.

Kusan haka ta faru da Aegislash, dodo mai siffar takobi da garkuwa, wanda aka kora a 2014. Yana sauyawa tsakanin tsaro da hari, har karawa da shi ta kan koma canki-canka.

Abin da ya ceci Landorus

Landorus-Therian ya shigo a 2012. Ana iya sa shi aikin tsaro, ko a ba shi kayan ƙara gudu, ko ya zuba duwatsun da ke raunata duk dodon da ya shigo fili, ko ya kai hari ya koma baya. Baiwarsa ta Intimidate tana rage ƙarfin harin abokin gaba da zarar ya shigo.

Sai dai duk rigar da ya sa, rauninsa ɗaya ne kuma kowa ya san shi. Harin ƙanƙara yana yi masa illa ninki huɗu, kuma ba shi da ingantacciyar hanyar warkar da kansa. Wanda ya yi kuskuren gane zubinsa yakan samu damar gyarawa.

Masu kare shi suna ƙara wata hujja. Da yake yana toshe ramuka da dama a gurbi ɗaya, yana bar wa ɗan wasa sauran gurabe 5 ya gwada dodannin da ba a saba gani ba. Yana kuma taka wa wasu masu haɗari birki. A cire shi, waɗanda yake dannewa su miƙe, sai a sake wata korar, daga nan wata ta biyo.

Masu neman a kore shi sun ce idan dodo guda ya zama dole a tawaga, zaɓin da ake tinƙaho da shi ya zama na baka kawai. Ƙorafinsu yana da tushe. A gasar duniya ta 2015 a birnin Boston na Amurka, tawagogin da suka kai matakin ƙarshe sun yi kama da juna ƙwarai, Landorus da Kangaskhan suna cikin mafi yawansu. Shekara guda kafin nan, Se Jun Park na Koriya ta Kudu ya ci kofin duniya da taimakon Pachirisu, ɗan ƙaramin dodo mai kama da kurege da kusan ba wanda ya sa shi a lissafi. 'Yan kallo irin wannan wasan suke so.

Hanyar kamfani

Masu shirya VGC ba sa kiran ƙuri'a a kori dodo guda. Suna fitar da dokar kakar wasa tun farko, sannan su rage wa wanda ya gagara ƙarfi a wasa na gaba. Kangaskhan a siffarsa ta Mega yana da baiwar kai hari sau biyu a jere, kuma a 2016 aka rage ƙarfin bugu na biyun daga rabi zuwa kwata. A wasan Scarlet da Violet na 2022 aka taƙaita Protean, ta koma aiki sau ɗaya duk lokacin da dodon ya shigo fili.

Daga kakar 2023 kuma, 'yan gasar VGC suna musayar takardar tawaga kafin karawa, kowa ya ga hare-hare da kayan da abokin karawarsa ya ɗauko. Wannan ya rage amfanin ɓoye makami sosai. Bai hana wasu mamaye fili ba: Incineroar, damisar kokawa mai tarin dabarun tallafa wa abokin tafiya, ya ci gaba da bayyana a tawagogi da yawa.

Ma'aunin da ya fi tsayawa

Idan aka jera waɗannan hukunce-hukunce, abin da ke fitowa shi ne yawan amfani da dodo bai isa hujjar kora ba, yawan ayyukansa ma haka. Tambayar da masu ƙuri'a suka fi tsayawa a kai ita ce ko ɗan wasan da ya shirya da kyau zai iya samun makarinsa ba tare da ya sadaukar da rabin tawagarsa ba, kuma ko kuskuren hasashe guda ɗaya zai iya ƙare wasan. Greninja na 2015 ya faɗi wannan jarrabawa, Landorus ya tsallake ta.

Korar ba ta rage wa Greninja farin jini ba. A ƙuri'ar masoya ta duniya da aka yi a 2020, shi aka zaɓa gwarzon Pokémon na shekara. Tun kafin a rage wa Protean ƙarfi ma, ya dawo fili ana karawa da shi kamar kowane dodo.