Turancin Mutanen Sabo Ta Ibadan: Kalmomin Bature, Ƙirar Bahaushe

Tun a shekarar 1916 ne aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a gefen Mokola, cikin birnin Ibadan, wanda fatakenmu na dā suke kira Badun. Cinikin shanu da goro ne ya kafa unguwar, kamar yadda masanin nan Abner Cohen ya bayyana a littafin da ya wallafa a kanta a 1969. Yaron da aka haifa a nan yakan tashi da harsuna uku a baki, watau Hausa a gida, Yarabanci a kasuwa, sa'an nan Turanci a makaranta da asibiti da ofishin 'yan sanda. To, a kan na ukun nan ne muke son mai karatu ya tsaya tare da mu.

Duk wanda ya kasa kunne a wurin masu canjin kuɗi ko masu tsire na Sabo zai ji Turancin da malamin makaranta yake kira kuskure. Amma idan aka duba da idon basira sai a tarar kuskuren nan yana da tsari. Mutum ɗari za su yi shi iri ɗaya, a gurbi ɗaya na jimla, domin kuwa ƙirar Hausa ce suke zuba kalmomin Ingilishi a cikinta, tamkar mai buga tubali da ya canza ƙasa amma bai canza abin bugu ba.

Alal misali, mutum zai miƙe zai fita, sai ya ce "I am coming". Bature zai yi mamaki, don yana ganin mai cewa yana zuwa ya ba shi baya. Bahaushe kuwa ya san "ina zuwa" ce, kuma Bayarabe ma haka yake faɗi da harshensa. Haka nan "I hear Hausa" ta fito ne daga "ina jin Hausa", gama aikatau "ji" a wurinmu ya haɗa sauraro da fahimta da shaƙar wari, alhali Ingilishi ya ba kowanne kalmarsa. Wadda ta fi burge ni ita ce "I am having a shop". Bature ba ya sa aikatau na mallaka a siffar aikin da ake cikin yi. Mu kuwa da "ina" muke cewa "ina tafiya", da ita kuma muke cewa "ina da shago", saboda haka sai harshe ya bi hanyar da ya saba.

Ninka kalma shi ma ya ƙetara. "Small small" ita ce "kaɗan-kaɗan", kana "ten ten naira" ita ce "naira goma-goma", wadda ko a gaban Sarauniyar Ingila a dā ai ta fi tasu gajarta.

Duk waɗannan ba su cutar da kowa. Inda abin yake zama da haɗari shi ne wurin kuɗi da wurin shari'a. Cohen ya nuna cewa cinikin shanun Sabo a kan bashi ya ginu: mahauci Bayarabe ya karɓi sa, mai gida Bahaushe ya tsaya wa baƙonsa har a biya. A irin wannan wuri, sanin wanda ya bayar da wanda ya karɓa shi ne komai. Bahaushe yana cewa "na ari keke", yana kuma cewa "na ara masa keke", kalma ɗaya ce, "masa" ce ta juya ta. Ingilishi yana da kalmomi biyu dabam, "borrow" ta mai karɓa, "lend" ta mai bayarwa. Idan mutum ya ce "I borrowed him money", yana nufin shi ya ba da rance, to amma wanda ya riƙe ƙa'idar littafi yana iya fahimtar cewa shi ne ake bi. Jimla irin wannan in ta shiga takardar yarjejeniya, lauya ya sami abin yi.

Ta biyu ta fi wannan muni. A tambayi Bahaushe, "Ba ka karɓi kuɗin ba?" sai ya ce, "I, ban karɓa ba." Yana gaskata maganar mai tambaya ne. A Ingilishi amsa tana bin abin da ya faru, saboda haka wanda bai karɓa ba dole ya ce "no". Ka duba mutumin da ɗan sanda ya yi wa irin wannan tambaya da Turanci, ya amsa "yes" da zuciya ɗaya, aka rubuta. Ya amsa laifin da bai yi ba da kalma guda.

Zaman Sabo a tsakiyar Yarbawa ya sa ana iya gane abin da ya fito daga wane harshe. Yarabanci ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, shi ya sa ake jin wanda bai yi nisa a boko ba yana musanya "he" da "she". Bahaushe da ya tashi da "shi" da "ita" ba safai yake faɗawa wannan rami ba. Nasa ƙorafin shi ne Ingilishi ya yi rowa, ya haɗa "kai" da "ke" da "ku" a kalma ɗaya, don haka ya ƙaro "you people" ya cike gurbin. A wasu wuraren kuma harsunan biyu sun yi taron dangi a kan Turancin. "Sannu da aiki" tana da 'yar'uwa a Yarabanci, su biyun suka haifi "well done" da ake gai da mai aiki tun bai gama ba. Haka "sorry" da ake ce wa wanda ya yi tuntuɓe, wadda ba neman gafara ba ce, "sannu" ce kawai.

Daga Mokola zuwa Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, tafiya kaɗan ce, kuma a can ne aka daɗe ana nazarin wannan batu. A 1971 Ayo Banjo, wanda daga baya ya shugabanci jami'ar, ya kasa Turancin Nijeriya kashi huɗu, tun daga wanda harshen uwa ya rinjaya ƙwarai har zuwa wanda bai da bambanci da na Bature. Ya ga kashi na uku ne ya dace ya zama abin koyi, watau mai bin nahawun Ingilishi amma da muryar ɗan Nijeriya. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, ciki har da "next tomorrow", wadda ita ce jibi, da "to eat money", wadda kowane Bahaushe ya san cin kuɗi ce. A farkon 2025 aka sanar da cewa "suya" ma ta shiga.

Sai dai mai duba takardun jarrabawar WAEC ba da wannan yake aiki ba. Yaron da bai sami kiredit a Ingilishi ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya cinye lissafi. A ganina malamin da yake jan jan biro a ƙarƙashin "borrow me" shekara da shekaru ba tare da ya faɗi dalili ba, ɓata tawada yake yi. Tunda kurakuran sanannu ne, kuma ba su da yawa, abin da ya kamata shi ne ya rubuta jimlar Hausa a gefe ɗaya na allo, ta Ingilishi a ɗaya gefen, ya nuna wa yaro daidai gurbin da suka rabu. A Sabo sai ya raba allon gida uku, ya bar wa Yarabanci nasa, kuma ya fara da tambayar nan ta "ba ka karɓa ba?" tun kafin ya kai ga sauran.