Ƙaramin Ajin Marubuta: Inda Ake Gyara Labari Kafin Ya Fita Kasuwa

A yau matashin da ya rubuta labari ba ya rasa masu karatu. Zai kammala babi da daddare ya tura WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, kafin gari ya waye saƙonni sun cika masa waya: "Allah ya ƙara basira," "Gaskiya labarin nan ya taɓa ni," "Don Allah a ci gaba da sauri." Addu'a da yabo suna ƙarfafa gwiwa, amma ba sa gyara labari. Da wuya a samu wanda zai ce masa shafuka ukun farko ba su tsinana komai ba, ko kuma tauraruwar da ya ce marainiya ce a babi na biyu ga ta tana gaisawa da mahaifinta a babi na tara. Irin wannan mai karatu, wanda zai karanta da alƙalami a hannu ya faɗi gaskiya, shi ne abin da ƙaramin ajin koyon rubutu yake samar wa marubuci.

Ajin da ake magana a kansa ba irin na makaranta ba ne, inda malami zai tsaya gaban allo yana jawabi ɗalibai suna kwafa. Mutum takwas ne zuwa goma sha biyu, wani lokaci su ɗan haura, su zauna da jagora guda wanda ya riga su shiga harkar. Littafin karatunsu shi ne rubutun da su da kansu suka yi. Kowane zama akan ɗauki labarin mutum ɗaya ko biyu a tattauna shi, daga jigo da zubi har zuwa yadda taurari ke magana.

Daga ina tsarin ya fito?

Marubuta sun daɗe suna nuna wa juna rubutu, amma wurin da ya mayar da abin darasi mai tsari shi ne Jami'ar Iowa ta Amurka, wadda ta kafa shirinta na horar da marubuta a 1936. Paul Engle, wanda ya jagoranci shirin sama da shekara ashirin tun daga 1941, shi ya ɗaga sunansa, kuma a zamaninsa ne Flannery O'Connor ta yi karatu a wurin. Daga Iowa tsarin ya bazu zuwa ɗaruruwan jami'o'in Amurka.

A 1956 wasu marubutan ƙagaggun labaran kimiyya, Damon Knight da James Blish da Judith Merril, suka fara wani taro na shekara-shekara a garin Milford da ke jihar Pennsylvania. Salon tattaunawarsu shi Robin Scott Wilson ya ɗauka ya gina bitar Clarion a 1968: mako shida a killace wuri ɗaya, ɗalibai 'yan kaɗan, kowane mako da marubucin da zai jagorance su. Octavia Butler ta halarci Clarion a 1970, lokacin da ba wanda ya san sunanta, kuma daga nan ta fara sayar da gajerun labaranta. A wannan shekarar ce Malcolm Bradbury da Angus Wilson suka buɗe irin wannan kwas a Jami'ar East Anglia ta Ingila. Ian McEwan ne ɗalibinsu na farko, sannan Kazuo Ishiguro, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2017, shi ma ya bi ta can. A Najeriya kuwa, bitar Farafina da Chimamanda Ngozi Adichie ta riƙa jagoranta a Legas ta yi suna. Kwana goma aka riƙa yi, ana zaɓen mutum ashirin da 'yan kai daga cikin ɗimbin masu nema, kuma marubucin Kenya Binyavanga Wainaina yana cikin waɗanda suka koyar a wurin.

Yadda zama yake gudana

Ana raba labarin da za a duba tun kwanaki kafin zama, kowa ya karanta a gida sau biyu. Karatun farko na jin daɗi ne kamar kowane mai karatu, na biyu kuma da alƙalami, ana ja wa wurare layi ana rubutu a gefen shafi. Ranar zama sai a yi da'ira. A tsarin Milford kowa yana da minti biyu ko uku ya faɗi abin da ya gani, ɗaya bayan ɗaya, jagora ya yi magana a ƙarshe. Mai labarin kuwa shiru zai yi, sai dai ya riƙa rubuta abin da ake faɗa. Sai an gama zagaye za a ba shi dama ya yi tambaya.

Wannan shirun shi ya fi yi wa sababbin shiga wuya, kuma yana da dalili. Ranar da littafi ya shiga kasuwa marubucin ba zai bi kowane mai saye gida ya yi masa bayanin abin da yake nufi ba. Abin da ke kan takarda shi kaɗai zai yi magana. Idan mutum bakwai cikin tara suka fahimci cewa tauraron ya mutu a ƙarshe, alhali marubucin suma yake nufi, to matsalar tana cikin rubutun, bayani da baki ba zai warware ta ba.

Ɗauki misalin ɗalibar da ta kawo labarin wata Hajara da mijinta ya ƙaro aure. Ta rubuta cewa Hajara ta shiga matsanancin baƙin ciki, zuciyarta tana tafasa, duniya ta yi mata ƙunci. Na farko a da'irar ya ce ya ji an gaya masa Hajara tana baƙin ciki, amma bai gan ta ba. Ta biyu ta ce wurin da ya tsaya mata a rai wani layi ne can ƙasa, inda Hajara ta zuba wa miji tuwo a kwanon baƙi maimakon kwanonsa na kullum, kuma wannan layin ya fi sakin layin baƙin cikin gaba ɗaya ƙarfi. Na uku ya lura cewa tun farko a cikin zuciyar Hajara ake tafiya, sai kwatsam a tsakiyar shafi aka ji abin da amarya take saƙawa a ranta, ba tare da an shirya mai karatu ba. Na huɗu ya tambaya me ya sa kowa a gidan, har da tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, yake magana da Hausar 'yan jami'a. Babu wanda ya ce labarin bai yi kyau ba, babu kuma wanda ya rubuta mata shi. Sun nuna mata inda ya yi rai da inda ya kwanta, gyara ya rage nata.

Me ya sa sai ƙaramin rukuni?

Lissafi ne mai sauƙi. Idan labari biyu ake dubawa a kowane zama, ana zama sau ɗaya a mako, aji mai mutum takwas zai zagayo kan kowa sau ɗaya a wata. Aji mai mutum talatin kuwa, sai mutum ya jira mako goma sha biyar kafin a sake waiwayar rubutunsa, kuma ko an zo kansa ba kowa zai samu bakin magana ba. Ban da lokaci akwai amana. Mutum ba ya buɗe ɗanyen rubutunsa, wanda wataƙila sirrin gidansu ne a ciki, a gaban taron da bai sani ba. A ƙaramin zama ana sabawa, a gane wane ne mai kunnen jin tattaunawa, wace ce mai kama tufka da warwara, wane ne kuma kowane labari yake so a ƙara masa faɗa. Sanin halin mai sharhi yana taimaka wa marubuci ya auna sharhin.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, yawancin koyon ba ranar da ake duba labarinka yake faruwa ba. A aji mai mutum takwas, duk labarinka ɗaya da aka duba, kai ka duba na mutum bakwai. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma ajin yana cin moriyar wannan halin ne. Wanda ya gaji da karanta buɗewar da ke farawa da wayewar gari da kukan tsuntsaye a labaran abokansa har sau biyar, idan ya koma gida ya ga tasa buɗewar, ba sai an gaya masa ba. Larurar faɗin dalilin da ya sa wani wuri bai yi ba, maimakon a ce kawai "bai burge ni ba," ita ce take mayar da mai karatu marubucin da zai iya yi wa kansa gyara.

Abin da ajin ba zai yi ba

Aji ba ya ba mutum abin da zai faɗa, kuma ba ya maye gurbin yawan karatu. Wanda bai karanta littattafai ba, ko shekara nawa zai yi a bita, rubutunsa zai nuna. Ba ya kuma tabbatar da bugu ko cin gasa. Sunayen da aka ambata a sama kaɗan ne daga cikin dubban da suka bi ta waɗannan wurare, kuma manyan marubuta da yawa ba su taɓa shiga irin wannan aji ba.

An kuma daɗe ana sukar tsarin a can inda ya samo asali. Wasu suna ganin yana fitar da labarai masu kama da juna, sumul babu kuskure amma babu ɗanɗano, domin marubuci yakan riƙa rubutu don ya gamsar da 'yan ajinsu. Marubuta irin su Matthew Salesses da Felicia Rose Chavez, waɗanda kowannensu ya fitar da littafi kan batun a 2021, sun nuna cewa dokar shiru takan cutar da wanda al'adarsa ta bambanta da ta sauran 'yan aji: yana zaune ana yi wa labarinsa gyaran da ya taso daga rashin sani, ba shi da ikon cewa uffan. Shi ya sa azuzuwa da yawa yanzu suke barin marubuci ya fara da faɗin abin da yake son a duba masa. Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce, idan mutane da yawa suka yi tuntuɓe wuri ɗaya, akwai matsala a wurin, amma maganin da suka kawo ba dole ne ya zama daidai ba.

A wajenmu fa?

Haɗuwar marubuci da mai gyara ba baƙuwa ba ce a adabin Hausa. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan Imam ya koma Zariya ya zauna kusa da East lokacin da yake rubuta Magana Jari Ce. A ƙarshen shekarun 1980 kuma ƙungiyar Raina Kama ta Kano, wadda ta haɗa irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba, ta nuna yadda marubuta za su tallafi juna wajen bugu da rarraba littattafai. Rassan ƙungiyar marubuta ta ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, sukan yi zaman karatu, sannan gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun daga 2016, ta jawo mata da yawa ga gajeren labari. Ƙungiyoyi da gasa muna da su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙaramin zama mai ɗorewa da ake bin rubutu layi-layi kafin a sake shi.

Babban cikas shi ne kara. Da wuya yaro ya dubi wanda ya girme shi, ko wanda ya buga littafi goma, ya ce masa babin nan bai yi ba. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma ba sai an rushe ta za a yi aiki ba, dabara ake yi mata. A fara zagaye daga ƙanana, manya su yi magana a ƙarshe, don kada ra'ayin babba ya rufe bakin kowa. Kowa ya zo da sharhinsa a rubuce tun daga gida. A yi magana kan labari, kada a taɓa mai labari: maimakon "Malam, ka yi kuskure," a ce "a shafi na huɗu na rasa gane wa ke magana." A fara da abin da ya yi kyau, a kuma faɗi takamaiman wurin. Kuskuren ƙa'idojin rubutu, irin su raba kalmomi da haruffa masu lanƙwasa, a gyara su a kan takarda, kada su cinye lokacin tattaunawa.

Wanda zai biya kuɗi ya shiga kwas, a zahiri ko ta intanet, ya yi tambaya kafin ya biya. Mutum nawa ne a ajin? Sau nawa za a duba rubutuna, kuma wa zai duba? Me jagoran ya taɓa rubutawa, zan iya samu in karanta? Idan amsar ita ce mutum ɗari biyu a rukuni guda ana tura musu murya, wannan lacca ce, tana da nata amfanin, amma ba ita ake nufi ba. Duk wanda ya yi alkawarin mayar da mutum marubuci cikin mako guda, a yi hattara da shi.

Wanda ba shi da kuɗin kwas kuma bai rasa komai ba, domin tsarin ba ya buƙatar jami'a. Mutum shida masu niyya sun isa. Su tsayar da rana da wuri, ko ɗakin karatu na gari ko ajin makaranta bayan an tashi. Su ƙayyade tsawon abin da za a kawo, misali shafi goma, a tura shi mako guda kafin zama. Su yarda cewa abin da aka karanta a zaman amana ne, ba a yaɗa shi, ba a kuma ɗaukar dabarar wani. Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ke riƙe da sauran: duk wanda bai karanta na 'yan'uwansa ba, ba za a karanta nasa ba.