Sashen Kimiyyar Kwamfuta: Daga Ina Ya Faro, Me Aka Kafa Shi Ya Yi?

Duk ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya san wannan: da zarar an je hutu gida, wani zai miƙo waya ya ce gilashinta ya fashe, wata kuma tana so a dawo mata da shafinta na Facebook da aka yi wa kutse. Idan ka ce ba fanninka ba ne, sai a ce, "To me kuke karantawa?" Tambayar ba ta da laifi, don ko a cikinmu akwai waɗanda suka kusa gama ND ba su da amsarta.

Fannin nan yaro ne idan aka kwatanta shi da likitanci ko lauya. A 1953 Jami'ar Kambirij ta Ingila ta fara wata difloma ta shekara ɗaya kan lissafi da na'ura, bayan kwamfutarta mai suna EDSAC ta soma aiki a 1949. Sashe mai cin gashin kansa kuwa, Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fara buɗe shi a 1962. Malaman farko ba su karanta kwamfuta ba, don babu inda za su karanta ta. Masana lissafi ne da injiniyoyin lantarki. Shi ya sa a makarantu da yawa sashen ya daɗe a ƙarƙashin lissafi da ƙididdiga kafin ya samu nasa ofishin. Masu ƙorafin cewa lissafi ya yi yawa a ND I, ku yi haƙuri, gado ne.

Nijeriya ba ta makara sosai ba. A 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan. A wancan zamani ɗalibi ba ya zama gaban kwamfuta. Zai rubuta shirinsa da harshen FORTRAN a takarda, a huda shi a jikin kati, a miƙa wa ma'aikacin ɗakin na'ura, sannan ya koma ya jira. Waƙafi ɗaya ya ɓace, an koma farko. Dole ta sa suka iya tunani kafin su taɓa na'ura, kuma wannan shi ne ainihin abin da aka kafa sashen ya koyar: ka ɗauki matsala, ka yanka ta gunduwa-gunduwa, ka jera matakan warware ta yadda na'urar da ba ta da hankali za ta bi ba kuskure. Harsunan kan canza, daga FORTRAN da COBOL zuwa Java da Python, amma wannan bai canza ba.

Sai dai kar wani ya fake da wannan tarihi. Su sun rubuta a takarda don na'ura ɗaya ce a duk jami'a. Ɗalibin da ya haddace shiri daga handawut ya zuba a jarrabawa, bai taɓa ganin ya yi aiki ko ya ƙi ba, wallahi ba abu ɗaya suke yi ba.

A nan ne manufar foliteknik ta bambanta da ta jami'a. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna, ita ke tsara manhajar karatunmu da tantance kwasa-kwasai, kuma tsarinta na aikin hannu ne: ND shekara biyu, a fita aikin sanin makama na shekara ɗaya, a dawo HND shekara biyu. Ga kuma SIWES da hukumar ITF ta ɓullo da shi tun 1973. Ana so wanda ya fita daga nan ya iya haɗa kwamfutocin asibiti su riƙa magana da juna, ko ya gina rumbun bayanan albashin ƙaramar hukuma, ranar da aka ɗauke shi aiki.

Babban sauyin baya-bayan nan shi ne raba HND ta kimiyyar kwamfuta da NBTE ta yi gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, haɗa sadarwar kwamfutoci da ajiyar bayanai ta intanet, gina manhaja da shafukan intanet, sai tsaron intanet da kare bayanai. A ganina an yi daidai, don HND ɗaya ba za ta ɗauki duk wannan kaya ba. Fanni na huɗun ma ya zo a kan gaɓa, tunda Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, bankuna da kamfanonin waya na buƙatar waɗanda suka san ta. Amma sauya suna a takarda ba ya sayo kwamfuta, ba ya zuba wa janareto mai. Ƙirƙirarriyar basira tana son lissafi mai nauyi, sadarwa tana son kayan aiki da za ka riƙe da hannunka.

Don haka 'yan ND II, zaɓin ya rage gare ku tun yanzu, ba sai kun dawo daga shekarar aiki ba. Inda za ku nemi gurbin sanin makama ya kamata ya dace da fannin da kuke hari. Kafin ku sayi fom ɗin HND a ko'ina, ku shiga ofishin shugaban sashe ku tambaya: cikin huɗun nan wanne NBTE ta amince a koyar, kuma kwamfutoci nawa ne ke tashi a ɗakin gwaji?